Almakashi da Gatari

Bai yi sallama ba. Kafaɗa ya sa ya banko ƙofar har ta daki bango.

Auta na zaune gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne. A kan allon, wani ƙato ya ɗaga gatari zai sauke shi a kafaɗar wani mutum da ke durƙushe. Ta tsayar da hoton, ta waiwayo, sai ta ga ƙaton nan na kan allo ne tsaye a bakin ƙofarta, gumi na bin goshinsa, da wani tsohon tabo a haɓarsa.

"Ke ce mai yanke mana fim?"

"Ni ce," ta ce, tana zare abin kunnen. "Kai kuma koma waje ka yi sallama."

Ya tsaya yana kallonta, ita ma ba ta ɗauke ido ba. Can sai ya juya, ya ja ƙofar a hankali, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama da murya ƙasa ƙasa. Ta amsa, ta nuna masa kujera.

Aikin Auta a gidan talabijin ɗin shi ne tace fina-finan da ake haskawa da rana, lokacin da yara suka taso daga makaranta, iyaye kuma suna wurin nema. Duk fim sai ya bi ta hannunta. Inda aka yi sara ko suka ta cire, inda jini ya yi yawa ta dusashe hoton, inda aka yi ashar ta toshe sautin. Saboda haka abokan aikinta suka laƙaba mata Almakashi. A gida kuwa Auta ce, don ita ce ƙarama.

Shi kuma ɗan wasan fim ne, kullum a mugu yake fitowa, shi ne kuma yake tsara wa sauran 'yan wasa yadda za su yi faɗa. Tun fim ɗinsa na farko aka ba shi gatari ya riƙe, sunan ya bi shi. Ko mahaifiyarsa in ta so tsokanarsa Gatari take ce masa.

"Faɗan cikin garejin nan," ya ce, "daga saman rufi na faɗo. Haƙarƙarina ya tsage, na yi wata ina kwana a zaune. Jiya na tara 'yan gidanmu mu kalla, sai muka ga na ɗaga gatari, daga nan sai ga 'yan sanda sun iso. Ina sauran?"

"Ga shi nan."

Ta danna. Gatarin ya sauka, hannun mutumin ya rabu da kafaɗarsa, jini ya feshe gilashin mota. Ta mayar da shi baya, ta sake sakin shi a hankali. Ta sake.

"Hannun roba ne," ya ce. "Jinin ma jan ruwa ne da sukari."

"Ni da kai mun sani. Yaron da ke zaune gaban talabijin shi kaɗai, uwarsa na kasuwa, wa zai gaya masa sukari ne?"

Ya jima yana kallon allon.

"To ai yankan naki ma bai yi kyau ba," ya ce daga baya. "Kin bar ni na ɗaga hannu kamar mai tsayar da tasi. Ki bari sai ƙafata ta motsa, sannan ki koma kan fuskar matar da ke leƙe ta taga. Tsoron da ke idonta ya ishi mai kallo."

Ta gwada. Ya fi nata kyau nesa ba kusa ba. Ba ta so ta yi murmushi ba, amma ya suɓuce mata, shi kuma ya gani.

Tun daga ranar ya mayar da ɗakin nan wurin zuwa. In ba ya wurin ɗaukar fim, yana nan kan kujerar roba, yana nuna mata inda naushi ke tashi da inda yake sauka. Wata rana ya zo da ido a kumbure, wata rana da bandeji a gwiwa, don 'yan wasan da yake koyarwa sukan manta wasa ne su kai masa na gaske. Ita ke yi masa faɗa. Shi kuwa faɗan yake zuwa ji.

Saƙonsa na farko da ya wuce maganar aiki ya shigo ne tana cikin toshe wata ashar.

"Almakashina, an kashe ni sau uku yau, an jefo ni daga kan mota. Duk lokacin da na kwanta a matsayin gawa ke nake tunani. Darakta har ya yi min tsawa, wai gawa ba ta murmushi."

Ta karanta, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka.

"Mugun nawa, ka mutu da kyau ka tashi lafiya. Ka kula min da haƙarƙarin nan. In ka sake karya shi, ni zan ƙarasa ka."

Akwai wanda zuwan Gatari ya tsaya wa a rai. Shi ne shugaban shirye-shiryen rana, wanda kowa ke kira Manaja. Mutum ne ɗan gayu, ƙanshin turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Ya daɗe yana neman Auta, ita kuma ta daɗe tana ba shi haƙuri cikin mutunci. Wata rana ya shigo ya tarar da su suna dariya, ya jira Gatari ya fita, sannan ya dafa teburinta da hannu biyu.

"Ɗan daban nan kika zaɓa a kaina?"

"Ba ɗan daba ba ne, yallaɓai. Aikinsa ne."

Ya ɗauki kofin shayinta ya maka da bango. Fasassun suka watsu har kan ƙafarta.

"Ni na kawo ki gidan nan," ya ce a hankali. "Kar ki manta."

Ta share wurin, ba ta gaya wa kowa ba.

A gida ma ba sauƙi. Baban Auta tsohon ma'aikacin jinya ne, ya ƙare aikinsa a ɗakin da ake kawo waɗanda aka sara da waɗanda aka soka. Hannunsa ya ɗinke fatar mutane fiye da yadda zai iya tunawa, ya kuma rufe idon samari da yawa waɗanda ba su kai ga ɗinkin ba. Ranar da Gatari ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin falo, Baba ya gyara tabarau ya ƙare masa kallo.

"Na san fuskar nan. Ba kai ne kake sare mutane kana dariya ba?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne kawai."

"Wasa." Baba ya jinjina kai. "Ka taɓa riƙe hanjin yaro da hannunka kana mayar masa da shi ciki, uwarsa na ihu a bayan ƙofa? Ni na riƙe. Kai kuma ka mai da abin kwalliya, har da kiɗa. Tashi ka ba ni wuri. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Mama ta so ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Gatari ya tashi, ya yi godiya, ya fita.

Bai kai bakin titi ba yayan Auta ya tare shi da abokansa biyu. Yaya makaniki ne, da sifana a hannunsa.

"An ce ka iya faɗa," ya ce. "Nuna mana."

Gatari ya mai da hannuwansa baya ya harɗe. Naushin farko ya fasa masa leɓe. Na biyu ya same shi a ciki, ya durƙushe. Suka rufe shi da shuri, Yaya ya sauke masa sifana a gadon baya har sau biyu. Mutanen layi suka taru suna kallo, wasu yara na cewa yanzu zai tashi ya gama da su kamar yadda yake yi a talabijin. Bai tashi ba sai da suka gaji don kansu. Ya tofar da jini da guntun haƙori, ya kaɗe wandonsa, ya dubi Yaya.

"Ka gaida gida, Yaya."

Auta ta ji labarin a bakin maƙwabciya. Ta shiga ɗaki ta kulle, ta rubuta masa:

"Me ya sa ba ka kare kanka ba? Na san ko su biyar ne ba za su iya da kai ba."

Amsar ta zo bayan ɗan lokaci.

"Hasken idona, in na taɓa yayanki da wane ido zan kalle ki? Kuma da na ɗaga hannu, da maganar Baba ta tabbata. Haƙori ɗaya ne, dama ya fiye surutu. Ki ci abinci don Allah."

Ta kife fuska a filo ta yi kuka har Mama ta zo tana buga ƙofa.

Ana cikin haka sabon fim ɗinsa ya iso gidan talabijin ɗin, wanda ya fi duk na baya zubar da jini. A ciki akwai inda yake bin wata mata cikin kicin da wuƙar yanka nama, ya kama hannunta ya ɗora a kan katako. Auta ta zauna a kansa kwana da kwanaki, Gatari na gefenta da kumburarren baki, suka cire duk abin da bai dace da idon yaro ba. Ta miƙa wa Manaja tacaccen, cikakken kuma aka ajiye shi don masu kallon bayan yara sun yi barci.

Ranar da za a haska shi ta faɗo a ranar hutunta. Tana gida tana taya Mama ninke kaya, talabijin na kunne. Da aka zo wurin kicin ɗin ta ɗaga kai don ta ga yadda yankan nata ya zauna. Hoton bai tsaya inda ta yanke shi ba. Wuƙar ta sauka. Yatsu suka gangara kan katako, matar na kururuwa, Gatari na dariya da jini a fuska.

Rigar da ke hannun Auta ta faɗi.

"Auta, wannan fa?" in ji Mama. "Da rana tsaka?"

Ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta fita. Kafin ta isa an kusa gama fim ɗin. Ta tarar da Manaja a ofishinsa, ya harɗe ƙafa.

"Ni ma tambayar da zan miki ke nan," ya ce. "Saurayinki ya zo da safe da wani filashi mai ɗauke da fim ɗin, ya ce ke kika aiko shi, wai kin sake gyara. Na yarda da shi saboda ke. Ashe so yake duniya ta ga bajintarsa."

Ta ruga wurin maigadi. Maigadi ya ce ƙwarai Gatari ya zo da safe, ya shiga ciki, bai jima ba ya fito. Ta tuna ranar farko, da yadda ya shigo yana huci a kan faɗansa da aka yanke. Ta tsaya a bakin get ta rubuta:

"Ashe duk zaman da kake yi kusa da ni wannan kake jira. Ka samu abin da kake so, kowa ya ga gwanintarka. Kar ka sake kira na."

Ya kira, ta kashe. Ya sake kira, ta kashe. Saƙo ya shigo.

"Wallahi ban kai komai ba. Na manta yau hutunki ne, na zo na ga ɗakinki a kulle na juya. Ki saurare ni ko sau ɗaya ne, Almakashina."

Ta rufe wayar gaba ɗaya.

Washegari labari ya cika gari. A wata unguwa, wani yaro da ya kalli fim ɗin ya kama ƙanwarsa suna wasa, ya ɗora hannunta a kan benci, ya sauke mata wuƙar kicin. Yatsu biyu sun tafi. Yarinyar na asibiti, yaron kuma ya ƙi magana, sai rawar jiki.

Kafin azahar uban yaran ya iso bakin get ɗin gidan talabijin da jinin 'yarsa a riga. Bayansa 'yan unguwa ne, bayansu kuma waɗanda ba su san yarinyar ba amma sun ji ana gudu sun biyo. Wasu da sanduna, wasu da duwatsu, wasu da guntayen ƙarfe. Manaja ya fito kan baranda yana ɗaga hannu.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Mu ma cutarmu aka yi. Akwai wadda aikinta ke nan, ita ta bari ya wuce. Ga tagar ɗakinta can."

Ya nuna da yatsa, ya koma ciki ya murza makulli.

Dutsen farko ya fasa tagar, ya daki allon kwamfutar. Auta ta faɗa ƙarƙashin tebur. Ta ji get ya faɗi, ta ji maigadi ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru, ta ji ƙafafu a kan matakala. Aka ɓalle ƙofar. Wani ya kamo ta ta ƙafa ya janyo, kanta ya bugu da ƙafar tebur. Suka ja ta a kan fasassun gilashi, suka gangaro da ita har tsakar harabar. Mari ta ko'ina. Wata mata ta fizge mata ɗankwali tana zaginta. Wani ya sauke mata sanda a cinya. Tana son ta ce ba ita ba ce, bakinta ya cika da jini.

Sai ƙarar babur. Gatari ya shigo ta kan get ɗin da ya faɗi, ya saki babur ɗin ya tafi shi kaɗai, ya kutsa cikin mutane da kafaɗa.

"Ga shi nan," wani ya yi ihu. "Shi ne mai wuƙar."

Bai ko waiwaya ba. Ya faɗa kanta, ya rufe ta da jikinsa, ya sa hannu biyu ya tallabe mata kai.

"Kar ki motsa," ya ce a kunnenta. "Ki rufe ido."

Duk dukan ya koma kansa. Tana jin kowane ɗaya yana ratsa jikinsa ya iso nata. Sanda ta karye a bayansa. Dutse ya fasa masa ƙeya, jini mai ɗumi ya gangaro mata a wuya. Wani ya zo da fasasshiyar kwalba ya ja masa daga kafaɗa har kwiɓi. Gatari ya yi wani nishi, hannuwansa suka ƙara matse ta.

"Ka tashi ka gudu," ta ce tana kuka. "Za su kashe ka."

"Yi shiru, hasken idona. Na saba mutuwa."

Wanda ya tsayar da abin uban yarinyar ne. Ya ga jini na malala a kan siminti kamar yadda ya gan shi a tsakar gidansa, sai sandar hannunsa ta faɗi. Ya shiga tsakani yana ture mutane, yana cewa ya isa, ya isa haka. Jiniyar 'yan sanda ta taso daga nesa, taron ya fara watsewa.

Hanyar asibiti ta cushe da masu gudu, gidan su Auta kuwa layi biyu ne daga nan. Direban gidan talabijin ya taimaka mata suka sa shi a bayan mota. Ta shiga gida tana jan ƙafa, fuska duk jini.

"Baba, ka fito. Zai mutu."

Baba ya fito da jarida a hannu. Ya dubi 'yarsa, ya dubi wanda ke kwance a motar. Bai yi tambaya ba. Ya ce wa Mama ta kawo tawul masu tsabta da tsohuwar jakarsa, ya ce wa Yaya, wanda ya fito daga wanka, ya zo ya danna nan da duk ƙarfinsa. Yaya ya durƙusa ya danna raunin mutumin da ya daka da sifana, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa. Baba ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya shiga motar ya ɗora kan Gatari a cinyarsa, ya nuna wa direba wata hanya ta bayan kasuwa.

"Kai, yaro," yake cewa yana marinsa a hankali. "Buɗe idonka. Ban ba ka izinin barci ba."

Aka shiga da shi ɗakin tiyata. Auta ta ƙi yarda a duba ta sai da Mama ta yi mata tsawa. Tana zaune a benci da bandeji a goshi sai ga mai karanta labarai ta gidan talabijin ɗin, babbar mace da kowa ke kira Anti. Ta zauna kusa da ita, ta riƙo hannunta.

"'Yata, ki yafe min. Jiya ina ɗakin watsa shiri ina neman tabarauna, Manaja ya shigo ya ce wa mai aiki ya cire naki ya sa cikakken. Da kunnena na ji. Yaron nan ko kusa da ɗakin bai zo ba. Na yi shiru don ina tsoron aikina. Yau da na leƙo ta taga na ga abin da shirun nawa ya jawo, na je na faɗa wa shugaban gidan, na faɗa wa 'yan sanda."

Auta ta ciro wayarta da ta tsage, ta kunna, ta karanta saƙonsa na ƙarshe. Ta rubuta masa, ko da yake ta san wayarsa na can cikin harabar an tattake ta:

"Mugun nawa, na zalunce ka. Ka tashi ka rama, ko da faɗa ne. Kar ka tafi ka bar ni da wannan."

Manaja ya so ya tsere ta katangar baya, ya faɗo ya karya ƙafa, a nan 'yan sanda suka tsince shi. Maigadi ya farfaɗo da karaya a hannu. Gatari kuwa sai da aka ƙara masa jini, kuma Yaya ne ya fara miƙa hannu aka ɗiba.

Da ya buɗe ido ita ya fara gani. Ya daɗe yana kallon bandejin goshinta.

"Wa ya yi miki wannan yankan? Bai iya ba."

Ta yi dariya tana hawaye. "Ka yafe min."

"Ni ban ga saƙon komai ba. Wayata ta mutu." Ya lumshe ido. "Yarinyar fa?"

"Tana ɗakin yara, nan ƙasa. Tana samun sauƙi."

Ranar da ya fara takawa, can ya ce a kai shi. Ya sa aka kawo masa wuƙar fim ɗin daga wurin aiki. Yaron da ya yi ɓarnar na rakuɓe a kusurwa, da ya ga Gatari ya ƙanƙame uwarsa. Gatari ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya lanƙwasa wuƙar a tafin hannunsa, ya sake ta ta miƙe.

"Roba ce, ka gani? Matar nan ma yatsunta na nan lafiya, jiya ta zo gaishe ni. Mu manya ne muka yi maka ƙarya ba mu gaya maka ba. Laifinmu ne."

Yaron ya taɓa wuƙar da ɗan yatsa, sai ya fashe da kuka, karo na farko tun ranar. Ubansa ya juya fuska ga bango. Da za su fita ya biyo su, ya kama hannun Gatari da hannu biyu.

Da lokacin cire zare ya yi, Baba ya ce ba wanda zai taɓa ɗinkin nan sai shi. Aka kawo Gatari gidan, ya kwanta rub da ciki a kan tabarma a falon da aka taɓa korarsa. Mama da Auta na bakin ƙofa. Baba na cire zaren ɗaya bayan ɗaya, yana magana kamar da kansa yake.

"Na ga 'yan faɗa iri iri. Rauninsu a fuska yake, da ƙirji, da bayan yatsu, don suna kai duka ana kai musu. Kai naka duk a baya yake. Na duba hannunka a mota, ko ƙwarzane babu." Ya ja wani zaren. "Da mai kwalbar ya ƙara ɗan nisa, da yanzu ba wannan maganar muke ba."

"Allah ne ya kiyaye, Baba."

"Har yanzu ba na son fina-finanka."

"Na sani, Baba."

"Kuma ba zan fara so ba." Ya goge wurin da auduga, ya manna filasta. "Ka turo manyanka."

Gatari ya yunƙura zai tashi ya yi godiya, Baba ya danne shi.

"Kwanta, kar ka ɓata min aiki."

Mama ta rungume Auta a bakin ƙofa. Yaya, da ke tsaye a tsakar gida yana goge hannu da tsumma, ya leƙo ya ce in an tashi sa masa sabon haƙori a gaya masa, shi zai kai shi.

Aka ɗaura aure bayan ya warke, ko da yake hannunsa na dama bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Ya bar faɗowa daga rufi, ya tsaya ga koyar da 'yan wasa. Auta ta koma aikinta a sabon ɗaki, aka kuma kafa doka cewa ba fim ɗin da zai hau da rana sai ta tsaya a kansa da kanta. Wurin taron Anti ta zo, maigadi ya zo da hannu a rataye, uban yarinyar ma ya zo da ita a kafaɗa, ta sha kitso, tana ɗaga wa amarya hannunta mai bandeji.

Da za a tafi da Auta, Baba ya kira su su biyu, suka durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗayan a kafaɗar mijinta, a hankali, ta gefen da ba ciwo.

"Na ba ka ita, don na ga yadda kake riƙo. Ke kuma, Auta, kafin ki yanke masa hukunci ki riƙa jin ta bakinsa. Allah ya sa jinin da ya zuba ranar nan shi ne na ƙarshe a tsakaninku. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu tausayi, ya sa ku tsufa tare."

Suka amsa da amin. Baba ya cire tabarau, ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, ya ce su tashi su tafi kafin ya canza shawara.